Rokar Ɗanlami Ta Je Damagaram

Ina kasuwar Auyo, na tsoma robar tayar keken wani mai kifi a kwanon ruwa ina neman inda take fitar da iska, sai maƙwabcina Tanko ya zo ya tsuguna kusa da ni. Ya ce, "Malam Garba, haɗa kayanka mu tafi gida." Na ce, "Jikin ne?" Ya ce, "Sai haƙuri." Da safe na bar yaron yana shan koko da kansa, uwarsa ta ce zazzaɓin ya sauka, shi ya sa na fito kasuwa. Ashe sanƙarau ne. Na gama liƙe facin, domin mai kifin yana tsaye yana jira, sannan muka hau kekunanmu muka kama hanyar Haɗejiya.

Ɗan farina ne. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari. Ban kira shi yana raye ba, ba kuwa zan rubuta shi yanzu ba. Abokansa Ɗanlami suke ce masa, da wannan zan yi amfani.

Tun da na dawo daga Damagaram, duk wanda ya kawo keke gyara sai ya zauna a benci ya ce in ba shi labarin ƙasar Faransa, wato Nijar. Wasu labarin suke so, wasu kuwa so suke su ga ko na fara magana. Na gode musu duka. Na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, a yi mini uzuri.

Ɗanlami ɗan sikawut ne a ƙarƙashin Malam Isyaku, malamin firamare. Tun da aka ji a rediyo cewa Turawa sun sauka a wata, yaran ba su da zance sai na roka. Malam Isyaku ya koya musu yin ta wasa. Ana samun karan dawa mai kauri a fere shi, shi ne jikinta. A sassaƙa farfela da icen rimi a sa a gaba. A lanƙwasa wayar ƙafar keke a yi ƙugiya gaba da baya, a ɗaura siririyar roba tsakaninsu. Sai a rataye ta a zaren masunta da aka ja tsakanin turaku biyu. In aka murɗa farfelar har robar ta yi ƙulli-ƙulli, aka saki, sai ta bi zaren da gudu. Robar a wurina suke samu, daga tsofaffin tayoyi, shi ya sa rumfata ta zama wurin zamansu da yamma.

Malam Isyaku yana da aboki a Damagaram, shi ma malami ne mai riƙe da 'yan sikawut. Sun haɗu a wani taro a Kano, suka yi alkawarin yaransu za su yi tsere a hutun ƙarshen bazara. Ɗanlami yana cikin waɗanda aka zaɓa. Ya gama tasa a gida, ana gobe ciwon zai kama shi, ya lulluɓe ta da takardar sigari mai ƙyalli. Ba a taɓa gwada ta a zare ba.

Bayan sadakar arba'in Malam Isyaku ya zo ya same ni a zaure. Ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce yana buƙatar babba na biyu a tafiyar, kuma yaran sun ce ba za su je su bar rokar abokinsu ba. Na ce zan yi shawara. Ban yi niyyar zuwa ba. Amma uwarsa ta ji mu daga ciki. Da na shiga sai na tarar ta sauko da rokar daga inda ta ɓoye ta, ta naɗe ta a ɗankwali.

Ta ce, "Malam, da jikinsa ya yi zafi, ita yake ta tambaya, wai ta kai ƙarshen zare? Ban san abin da zan ce masa ba. Ka je ka gani da idonka, ka zo ka faɗa mini."

Tun rasuwar ba ta yi magana mai tsawon wannan ba. Abin da ya kai ni Damagaram ke nan.

Mun tashi da hantsi a motar gyaɗa da za ta Gumel, mu biyu manya da yara shida cikin gajerun wanduna da ƙyallen wuya. Biyu daga cikinsu zan riƙa ambata. Sabo, wanda bakinsa ba ya hutawa, da Ado, aminin Ɗanlami, wanda in ba a tambaye shi ba ba ya cewa komai. Rokokin muka jera a kwalin sabulu da ƙaiƙayi a tsakaninsu. Ta Ɗanlami kuwa a cikin rigata take. Mun kuma ɗauki kwandon bandar kifi, tsarabar masu masauki, domin ba a zuwa daga Haɗejiya hannu sake.

Kifin nan shi ya fara jawo mana magana. Kafin Malam Madori wata tsohuwa da ke zaune kusa da kwandon ta ce, "Ɗan nan, ko dai ka ba ni ɗaya in ci, ko ka matsar da shi. Ba a yi wa mutum haka." Sabo ya ce, "Iya, na baƙi ne." Ta ce, "To ni 'yar gidanku ce?" Malam Isyaku ya yi dariya ya zaro mata ɗaya. Ta ci ta sa mana albarka har Gumel.

Daga Gumel muka samu wata motar zuwa Maigatari. A can muka kwana, a zauren wani fatoman shanu da Malam Isyaku ya sani. An kawo mana tuwon gero da miyar kuka. Yaranmu sun saba da shinkafa da kifi, Sabo ya leƙa kwanon ya ce, "Malam, miyar ba ta da kowa a ciki." Fatoman ya ji, bai ji haushi ba. Ya ce, "Ku mutanen kogi kun lalace. Nan gaba ma sai ka yi marmarin wannan." Gaskiya ya faɗa.

Da safe muka je iyaka. Ni na zaci zan ga katanga ko rami. Ba komai sai sanda a gicciye bisa ganga biyu, da rumfa, da tuta. Gonar da ke wannan gefe irin ta wancan gefen ce, har jakin da ke kiwo bai san ya ƙetare ba. A ɓangarenmu ba a tsayar da mu ba sosai. A ɓangaren Nijar wani jandarma dogo ya nuna kwalin ya ce, "Mene ne a ciki?" Kafin Malam Isyaku ya buɗe baki Sabo ya ƙame ya ce, "Rokoki ne, ranka ya daɗe."

Ku tuna ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba. Jandarman ya ja da baya, ya kira ɗan'uwansa da Faransanci, aka ce kowa ya matsa. Shi da kansa ya ɗaga murfin kwalin da bakin sanda. Da ya ga kara da roba sai ya tsaya yana kallonmu, mu ma muna kallonsa. Ya ce, "Wannan ne rokar?" Malam Isyaku ya yi bayani. Bai yarda ba sai da aka ja zare daga sandar iyaka zuwa turken rumfa, Sabo ya murɗa tasa ya saki. Ta bi zaren tana kaɗawa har ta daki turken. Jandarman ya ce a sake. Aka sake. Ya ce shi ma zai gwada. Direban da zai kai mu yana ta danna ƙaho, shi kuwa yana tsugune yana murɗa farfela da babban yatsa. Da zai sallame mu ya ce wa Sabo, "Kai, in ka girma kada ka yi fasa-ƙwauri. Bakinka zai kashe ka."

Ya nuna ƙirjina inda rigata ta yi tudu ya ce, "Kai fa, Malam?" Na ce ita ma irinsu ce, ta ɗana ce. Ya duba yaran ya ce, "Wanne ne naka?" Na ce ba ya cikinsu. Ya dube ni, bai ƙara tambaya ba. Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Abu na farko da ya ba ni tsoro a ƙasarsu shi ne tuƙi. Mu ta hagu motocinmu suke bi, su kuwa ta dama. Da na hango wata mota tafe, na ga direbanmu ya karkata dama, sai na riƙe ƙarfen motar na fara salati. Karen motar ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka, nan haka Nasaranmu ya bar mana." Bayan Dungas ma hanyar ba ta da dama ba ta da hagu, rairayi ne kawai, kowa ya bi inda ya ga sawu. Mun kafe har sau nawa ban riƙe ba. In an kafe sai kowa ya sauko, a shimfiɗa farantai na ƙarfe a ƙarƙashin taya, a tura. A nan na ga amfanin sikawut, domin yaran su suka fi kowa tura mota, suna yi suna waƙa. Ni da hannu ɗaya nake turawa, ɗayan yana kan ƙirjina.

A wani ƙauye aka tsaya salla, na ga burodinsu. Dogo ne kamar sandar makiyayi, ana ɗaure shi a bayan keke ba ko takarda. Ɓawonsa yana yanka dasashi, cikinsa kuwa iska ce. Ado ya saya ya karya ya miƙo mini rabi. Tun da muka taso bai yi mini magana ba, sai dai duk inda na zauna zan gan shi a gefena.

Mun shiga Damagaram da la'asar. Gari ne na duwatsu, manya-manya kamar an jibge su, gidaje a tsakaninsu. Mai masaukinmu, abokin nan na Malam Isyaku, sunansa Malam Ari, gajere ne mai furfura a gemu, amma yaransa Mushe suke ce masa, haka suke kiran malamin makaranta a can. Yaranmu suka yi ta danne dariya har Malam Isyaku ya harare su. Makaranta kuma lakwal suke cewa. Ban da irin waɗannan, Hausarsu muna ji sarai, sai dai in za su ƙirga abu su juya harshe.

A ajin lakwal ɗin aka sauke mu, aka shimfiɗa tabarmi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ruwa. Mu da muka tashi kogi yana bayan gida, ba mu san ruwa abin lissafi ba ne. Sabo ya ɗauki bokiti guda zai wanke ƙafa, sai na ga yaran garin sun zuba masa ido. Malam Ari ya ce a hankali, "Ɗana, wannan na alwalarku duka ne har gobe." Daga ranar na koyi alwala da rabin buta. Da muka ba shi kwandon kifi kuwa, ya buɗe ya shaƙa ya rufe ido. Ya ce rabonsa da irin wannan tun yana saurayi. Ya rarraba wa maƙwabta, da yamma unguwar duka tana ƙamshin Haɗejiya. Su kuma suka cika mu da fura da kilishi. Furarsu ta fi tamu, wannan ba zan ɓoye ba.

Wani abin kuma, da rana ta take sai garin ya mutu. Ofis da kanti duk a rufe, kowa ya je ya kwanta sai la'asar. Na ce wa Malam Ari in na yi haka a rumfata, masu keke za su koma wurin wani. Ya ce, "A nan wanin ma yana barci."

Washegari da yamma aka yi tseren a filin lakwal. An kafa turaku, an ja zare biyu gefe da gefe, ana sakin roka biyu tare, ɗaya tamu ɗaya tasu. Mutane sun taru fiye da yadda na zata, har da mata a bakin katanga da masu tallan gyaɗa. Nasu rokokin da tukurwa aka yi su, an shafa musu fenti, robarsu ta kanti ce siririya. Namu sun fi nauyi, amma robar taya ta fi ƙarfi. Malam Ari yana busa usur, a saki. Sabo ya ci nasa, ya zagaya filin yana gaisuwar sikawut ga duk wanda ya gani. Ta Ado ta tsaya a tsakiya. Wata tamu farfelarta ta fice ta faɗa cikin tiren mai gyaɗa. An yi dariya, ba wanda ya ji haushi.

Ta Ɗanlami aka bari ƙarshe. Malam Ari ya yi wa mutane bayani a taƙaice, aka yi masa addu'a. Na kwance ɗankwalin na ba Ado, domin shi yaran suka zaɓa. Ni kuma aka ce in je ƙarshen zare in tsaya, in ta iso in karɓe ta. Na je na tsaya a bayan turken. Daga can ina hango takardar sigarin tana ƙyalli. Ado ya murɗa yadda Malam Isyaku ya koya musu duka, zuwa dama, yadda hannun agogo yake tafiya. Aka busa usur.

Ta yaron Damagaram ta taho ta wuce ta gefena. Tamu ba ta taho ba. Baya ta yi. Ta koma ta daki turken da ta taso daga gare shi, ta tsaya a nan farfelar tana ta juyawa har robar ta warware.

Ƙananan yara suka fashe da dariya. Ban ga laifinsu ba, abin dariya ne. Manya suka tsawatar musu. Na tako a hankali na dawo. Ado yana tsaye hannuwansa a sake, Malam Isyaku yana duba ƙugiya ko ta karkace. Abin da nake tunani kawai shi ne me zan ce wa uwarsa.

Malam Ari ya zare rokar daga zaren, ya juya ta a hannu, ya kai farfelar kusa da idonsa. Ya ɗauko ta Ado ya haɗa su. Sannan ya ce, "Malam Garba, yaron nan bahago ne?"

Na ce, "Da dama yake ci, da dama yake rubutu."

Ya ce, "Ni ma haka, an dake ni a kai har na iya. Wuƙa fa? Da wane hannu yake riƙe wuƙa?"

Na yi tunani. Sai na gan shi zaune a bakin zaure yana feren rake, wuƙar tana hannun hagu. Na sha ganin haka, ban taɓa ajiye shi a raina ba.

Malam Ari ya ɗaga hannunsa na hagu ya nuna mini. Ya ce, "Dubi yadda fiffiken ya kwanta. Na sauran duk nan suka kwanta, nasa can. In bahago ya sassaƙa, haka take fitowa, ni ma sai na yi da gangan nake yin irin tasu. Aikinsa ba shi da aibu, ya ma fi nasu laushi. Mu ne muka murɗa ta baibai. Ta hagu take so."

Mutumin nan bai taɓa ganin ɗana ba. Na juya na kalli duwatsu na ɗan lokaci, su kuma suka ƙyale ni.

Ado ya matso ya ce, "Baba, ban sani ba."

Na ce, "Ni da nake ganinsa kullum ma ban tuna ba. Murɗa ta hagu."

Aka mayar da ita zare. Mutanen da suka fara watsewa suka dawo. Na koma ƙarshen zaren. Ado ya fara murɗawa ta hagu, a hankali, Malam Ari yana tsaye a kansa. Robar ta sha zafin hanya a cikin rigata, ga shi an murɗa ta ta wancan gefen. Kafin ta cika sai ta tsinke. Da ta tsinke ta fizge ƙugiyar baya, ta tsaga karan kamar tsawon ɗan yatsa.

Malam Ari ya ce yana da tukurwa, kafin magariba zai yi mata sabon jiki a ɗora farfelar. Na gode masa na ce a'a, karan da ya fere da hannunsa nake so. Ya ce ya gane. Aka jiƙa ƙaro, ni da shi muka liƙe tsagar muka naɗe ta da zare. Amma ƙaro yana son ya kwana ya wuni kafin a ja shi, motar Maigatari kuwa da asuba take tashi, in ta wuce sai wani mako, ga iyayen yara suna jira. Malam Ari ya raka mu tasha. Ya ba ni hannu ya ce, "In ta yi gudu, ka aiko mini ta bakin direba."

Dawowa ba ta da labari mai yawa. Ruwan farko ya sauka a bayanmu, rairayin ya kwanta, ba mu kafe ba. Jandarman nan ba shi ne a bakin aiki ba. Fatoman Maigatari ya tambayi Sabo yadda ya ga miyar can, Sabo ya ce a ƙaro masa tuwo.

Na shiga gida bayan la'asar. Uwarsa ta kawo mini ruwa, ta zauna nesa kaɗan, ba ta tambaya ba sai da na sha. Sannan ta ce, "Ta kai?"

Na ce ba ta kai ba. Na faɗa mata duka yadda na rubuta a nan, ban rage ba. Da na zo kan tambayar Malam Ari sai ta rufe baki da gefen mayafi. Ta ce, "Ai da hagu yake kama nono ma. Da ni aka tambaya." Ta ɗan yi murmushi, sannan ta tashi ta shiga ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba.

Ƙaron ya bushe. Na yanka sabuwar roba daga taya mai kyau, na ja zare a tsakar gida daga darbejiya zuwa turken rumfa. Na kira Ado ya zo. Da ta fito ta ga mun rataye ta, sai ta ce, "Malam, a bari tukuna. Ba yau ba." Na sauke ta, Ado ya koma gida.

Zaren yana nan a ɗaure. Ba ta shanya komai a kansa, ba ta kuma ce in kwance shi ba. Har yau ba mu murɗa ta ba.